SHARHI: ME KE RIƘE SOJA A BAKIN AIKINSA?

Duk wanda ya biyo titin Gwarzo daga cikin birnin Kano, da zarar ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ba zai yi nisa ba zai iso Janguza, inda barikin soja yake a cikin ƙasar ƙaramar hukumar Tofa. Mu mutanen wannan yanki mun daɗe muna maƙwabtaka da sojoji. Muna haɗuwa da su a kasuwa da masallaci da tashar mota, iyalansu suna sayen hatsi da kayan miya a hannun manomanmu, sannan duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata, samarinmu kan yi tururuwa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma domin neman takardar shaidar zama ɗan asalin yanki. Amma duk da wannan kusanci, ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu ba: shin mutumin nan da ke cikin kaki yana jin daɗin aikinsa kuwa? Me ke sa ya ci gaba da zama a cikinsa shekara da shekaru, me kuma ke sa wani ya ajiye ya kama gabansa?

Wani na iya cewa wannan magana ba huruminmu ba ce, tun da yake tsarin mulkin ƙasa ya damƙa al'amarin soja a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, babu gwamnan jiha ko shugaban ƙaramar hukuma da ke yanka wa soja albashi ko ya ƙara masa igiya. Wannan gaskiya ne. To amma tun daga ƙarshen shekarar 2025, lokacin da 'yan bindiga suka tsananta tsallakowa daga Jihar Katsina suna kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, jama'ar Kano ta Arewa sun gane cewa barcin da manomi zai yi da dare ya rataya ne a wuyan sojan da aka girke a bakin iyaka. Idan zuciyar wannan soja tana kan aikinsa, mu ke da riba. Idan kuwa gangar jikinsa ce kawai a wurin, mu ne za mu ɗanɗana kuɗarmu. Saboda haka ya zama wajibi mu fahimci abin da ke ɗaure zuciyar soja da rundunarsa, da kuma abin da ke kwance ta.

WAƊANDA SUKA AJIYE KAKI

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yuli na shekarar 2020 jaridun ƙasar nan sun ba da labarin cewa sojoji 356 sun nemi a sallame su daga aiki bisa raɗin kansu, kuma dalilin da aka rubuta a takardar shi ne sha'awar aikin ta fita daga ransu. Rundunar sojan ƙasa, wadda a lokacin take ƙarƙashin Laftana Janar Tukur Buratai, ta amince da buƙatarsu, har maganar ta kai gaban Majalisar Wakilai ta Tarayya. Haka zalika a watan Satumba na 2024 an sake samun labarin wasu sojoji 196 da suka nemi sallama. Hedikwatar rundunar ta fito ta bayyana cewa sallamar wanda ya nema abu ne da aka saba yi lokaci zuwa lokaci bisa ƙa'ida, don haka bai kamata a ɗauke shi a matsayin alamar rugujewar runduna ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan bayani, domin a cikin rundunar da mutanenta suka haura dubu 100, ficewar mutum 200 ko 300 ba za ta girgiza ta ba. Sai dai a lura, wanda ya yi shekara 10 ko 15 a aiki, ya san daji, ya san makami, ya san yadda ake riƙe yara a lokacin da wuta ta buɗe, ba kurtun da ya fito daga makarantar horar da kurata ta Zariya jiya ne zai maye gurbinsa ba. An kashe dukiya da lokaci kafin a samar da shi, kuma ranar da ya tafi, da ƙwarewarsa yake tafiya.

Daɗin daɗawa, a watan Satumba na 2025 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Abuja ta yanke hukunci a ƙarar da wani hafsan sojan sama ya shigar, inda ta ce sharaɗin da ke tilasta wa hafsa yin shekara 15 kafin ya samu damar ajiye aiki ya saɓa wa tsarin mulki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan hukunci, ya nuna cewa zamanin da za a dogara da doka kaɗai wajen riƙe mutum a cikin kaki yana neman wucewa. Amma a ganinmu, abin da ya fi cancantar a sa masa ido shi ne halin da masu zama suke ciki, domin su ne mafiya yawa, kuma su ne ke riƙe da bindiga a yau.

ZAMA IRI UKU

A shekarar 1991 wasu masana biyu 'yan ƙasar Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun fito da wani bayani da ya samu karɓuwa a duniya game da dalilan da ke sa ma'aikaci ya manne wa ma'aikatarsa. Sun ce dalilan iri uku ne. Akwai mai zama domin yana son wurin, yana jin ciwon ma'aikatar kamar nasa. Akwai mai zama domin ya auna ya ga asarar da zai yi idan ya fita ta fi ƙarfinsa, ko kuma ba shi da wurin zuwa. Akwai kuma mai zama domin yana ganin nauyi ne a kansa, an yi masa alheri ko ya yi rantsuwa, barin wurin zai zama butulci.

Manomin Tofa ba ya buƙatar dogon turanci kafin ya gane wannan, domin ya san shi a cikin gandu. A ɗauka magidanci yana da 'ya'ya uku da suke noma tare da shi. Na farko yana gandun ne domin yana ƙaunar gonar, yana alfahari da rumbun gidansu. Na biyu yana nan ne domin ba shi da gonar kansa, ba shi da jari, da zai samu hanya da tuni ya shiga birni. Na uku kuwa kunya da biyayya ce ta riƙe shi, ba ya son a ce ya bar tsoho da wahala. Idan baƙo ya zo ya ƙirga, zai ce maigida yana da majiya ƙarfi uku. Amma ranar noman farko ake gane bambanci. Na farko ya fita tun da asuba, shi ne zai hango ƙuduji ya tsiro a cikin dawa ya tuge shi ba tare da an sa shi ba. Na biyu yana jan fartanya ne idonsa na kan rana, ƙarfinsa ya ajiye wa gayaunarsa ko cin rani. Na uku zai yi abin da aka ce, amma ranar da tsoho ya kwanta dama, gandu ya watse.

Binciken da aka tattara daga baya a ma'aikatu daban-daban ya nuna cewa zama irin na farko shi ne ya fi tafiya tare da ƙwazo da zuwa aiki a kan kari da yin abin da ya wuce wanda aka ɗora wa mutum. Zama irin na uku yana biye da shi. Zama irin na biyu kuwa yana hana mutum fita, amma ba ya ƙara masa ƙwazo ko kaɗan, wani lokaci ma rage shi yake yi.

A nan ne gizo ke saƙar. A yanki irin namu, inda jama'a suka yi yawa, gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado, ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, wasu filayen ma na bakin titi an yanka su fuloti an sayar, saurayin da ya gama sakandare ba shi da zaɓi mai yawa. Albashin wata-wata da ɗaki a bariki da fansho a ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Saboda haka dogon layin masu neman shiga soja ba hujja ba ce ta cewa aikin yana gamsar da masu yinsa, haka nan ƙarancin masu fita ba hujja ba ce. Mai yiwuwa rashin wurin zuwa ne ya riƙe da yawa daga cikinsu. Aikin shugabanni shi ne su mayar da wanda talauci ya kawo shi ya zama mai zama don ƙauna, kuma hakan mai yiwuwa ne, domin da yawa daga cikin jaruman da ake ba da labarinsu neman abinci ne ya fara kai su bariki.

ALBASHI DA ABIN DA YA FI ALBASHI

To, me ke kawo wannan sauyi? Wani masani Ba'amurke mai suna Frederick Herzberg, bayan ya tattauna da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a birnin Pittsburgh, ya wallafa sakamakonsa a 1959. Ya ce abubuwan da ke hana ma'aikaci ɓacin rai daban suke da abubuwan da ke sa shi son aikinsa. Albashi da muhalli da kayan aiki da tsarin hukuma, idan suka lalace suna jawo ƙorafi, amma gyara su yana kashe ƙorafin ne kawai. Son aiki kuwa yana zuwa ne daga ganin amfanin abin da mutum yake yi, da yabo idan ya yi abin kirki, da amanar da aka ba shi, da ci gaba a muƙami. Ma'ana dai, cikin soja sai ya cika kafin a yi maganar komai, amma cikar ciki kaɗai ba ta sa mutum ya tari harsashi.

Wani masanin kuma, Charles Moskos, ya duba sojan Amurka bayan da ƙasar ta daina ɗaukar soja na dole a 1973, ya yi gargaɗi a 1977 cewa aikin soja yana sauyawa daga hidimar da mutum ke ba da kansa gare ta, yana komawa sana'a irin ta kasuwa wadda ake auna ta da kuɗi. A tsarin hidima, soja yana karɓar abin da bai kai wahalarsa ba, yana haƙura da 'yancin yajin aiki da na kafa ƙungiya, yana tafiya duk inda aka tura shi, bisa alkawarin cewa runduna za ta zame masa uwa da uba, ta kula da shi da iyalinsa yana raye ko bayan ransa. Wannan alkawari shi ne ginshiƙin aikin soja. Idan runduna ta cika nata ɓangaren, soja yakan cika nasa har da ƙari. Idan ta gaza, sai ya fara lissafi irin na ɗan ƙodago, wanda ke auna kunya da kuɗin da aka yi ciniki.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan alkawari. Asalin rundunar sojan Nijeriya ana danganta shi ne da mutum 18 da Laftana John Glover ya tara a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Kakanninmu sun je yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Barikin Bukavu da ke Kano, hedikwatar Birged ta 3, ya samo sunansa ne daga wani gari a ƙasar Kwango inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960. Bayan su wasu sun je Laberiya da Saliyo da Darfur. Duk gidan da ke da tsohon soja ya san yadda ake ba da waɗannan labarai da alfahari, ya kuma san yadda muryar mai ba da labarin ke sauyawa idan aka zo kan maganar haƙƙoƙinsa.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Idan muka duba manyan lokutan da sojojin ƙasar nan suka fito fili suka nuna fushinsu a cikin shekarun baya-bayan nan, za mu ga abu guda yana maimaita kansa.

A watan Yuli na 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya sun tare hanya a garin Akure saboda ba a biya su cikakken alawus ɗinsu ba. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka sassauta zuwa shekara 7. Ba ƙarin albashi suka nema ba, haƙƙin da suka riga suka yi wa gumi suka nema.

A ranar 14 ga Mayu, 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji sun buɗe wuta a kan motar kwamandan Runduna ta 7 bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyarsu ta dawowa daga yankin Chibok. A watan Satumba na shekarar aka yanke wa 12 hukuncin kisa, a watan Disamba kuma aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita fagen daga, inda suka kafa hujja da rashin isassun makamai. A watan Agusta na wannan shekarar matan sojoji ma sun yi zanga-zanga a Maiduguri suna hana a tura mazajensu Gwoza ba tare da kayan yaƙi ba. A Disambar 2015 hukumar soja ta mayar da hukuncin kisan mutum 66 zuwa ɗaurin shekara 10, a daidai lokacin da ake binciken zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai.

Sai kuma watan Agusta na 2018, lokacin da wasu sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri suna ƙin a kwashe su zuwa Marte, suna kukan cewa sun shafe shekaru a fagen daga ba a canja su ba.

Ba muna wanke tawaye ba ne. Dokar soja ta tanadi hukunci mai tsanani a kansa, kuma rundunar da babu ɗa'a a cikinta ta fi zama hatsari ga talaka fiye da kowa. Abin da muke jawo hankali a kai shi ne, a dukkan waɗannan lokuta abin da ya tunzura mutanen shi ne jin cewa an saɓa alkawari: kuɗin da aka ce nasu ne bai iso ba, makamin da aka ce an saya ba su gani ba, wa'adin da aka ce za su yi ya wuce babu labari. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sojan da ya yarda cewa na sama da shi yana cin abin da yake ci, yana raba hutu da ƙarin girma da zuwa kwas bisa cancanta ba bisa sanayya ba, yakan jure yunwa da rana da nisan gida. Wanda ya daina yarda da haka kuwa, ko an ninka masa albashi, zuciyarsa ta riga ta bar bariki.

MATAKAN DA AKA ƊAUKA DA SAURAN AIKI

Adalci ne mu faɗi cewa hukumomi ba su naɗe hannu ba. Tun a 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo, aka mayar da su ƙarƙashin Hukumar Fanshon Soja. Akwai cibiyar koyar da sana'o'i a Oshodi ta Jihar Legas, inda ake horar da sojojin da suka kusa ritaya a kan kiwo da kafinta da ɗinki da makamantansu. Akwai tsarin inshora da na ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya halarci jana'izarsu a Abuja, ya ba su lambobin girma na ƙasa, ya kuma yi alkawarin gidaje ga iyalansu da tallafin karatu ga 'ya'yansu. A watan Disamba na 2024 ya sa hannu a kan sabon kundin sharuɗɗan aikin soja. A 2025 kuma Laftana Janar Olufemi Oluyede, a lokacin yana Babban Hafsan Sojan Ƙasa, ya ɗaga kuɗin abincin soja na kullum daga N1,500 zuwa N3,000. A nan gida, Mai Girma Gwamna Alhaji Abba Kabir Yusuf ya ba da gudummawar motoci da babura ga rundunar haɗin gwiwa da ke aiki a ƙananan hukumomin bakin iyaka a ƙarshen 2025.

Duk da haka akwai sauran rina a kaba. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashin kaya kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. Matar kofur da ke cefane a kasuwar Janguza da kuɗin da take sayen kwanon masara da shi matar manomi take saye. Bugu da ƙari, a watan Janairu na 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Wannan hoto ya fi kowace lacca tasiri a zuciyar sojan da ke bakin aiki, domin a jikin tsohon samanjan da ke zaune a kan tabarma a bakin ma'aikata yake hango nasa goben.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su ba da fifiko ga abubuwan da ba sa buƙatar dogon kasafi: biyan alawus a kan lokaci kai tsaye cikin asusun mai shi, mutunta wa'adin zama a fagen daga, ba da hutu domin ganin iyali, kula da waɗanda suka ji rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da kuma hukunta duk wanda ya taɓa haƙƙin na ƙasa da shi komai girman anininsa.

NAUYIN DA KE KANMU

Mu ma a matakin ƙaramar hukuma da gunduma da ƙauye akwai abin da ya rataya a wuyanmu, kuma yana farawa ne tun daga ranar ɗauka.

Na farko, jami'an ƙaramar hukuma da dagatai da masu unguwanni su ji tsoron Allah wajen ba da takardar shaidar ɗan asalin yanki da sa hannu a takardar mai tsaya wa. Ana raba gurabun ɗaukar soja ne jiha-jiha, don haka duk takardar da aka sayar wa wanda ba ɗan yankin ba, gurbin ɗan Lambu ko Doka ko Yanoko aka sayar. Haka nan duk wanda aka san shi da shaye-shaye ko daba, tura shi soja domin a huta da shi zalunci ne ga runduna da kuma jama'ar da zai riƙe wa bindiga.

Na biyu, iyaye su sani cewa neman shiga soja kyauta ne, ta intanet ake cikewa, kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ɗan damfara ne. Kada a sayar da gona ko akuya a ba shi. Yaron da ya shiga ta hanyar cin hanci ya fara aikinsa ne da darasin cewa komai na sayarwa ne. Haka kuma a zauna da yaro a faɗa masa gaskiyar abin da ke gabansa, kada a tura wanda ransa ba ya so don kawai a samu mai albashi a gida.

Na uku, a kula da iyalan da aka bari a gida. Sojan da ke Sambisa ko Zamfara, idan ya san matarsa ta haihu an tsaya mata, ɗansa yana makaranta, ba a ci iyakar gonarsa ba, rabonsa na gado yana nan, hankalinsa zai kwanta a kan aikinsa. Waya ɗaya daga gida mai ɗauke da mummunan labari tana iya karya masa gwiwa fiye da ƙarar bindiga. Ya kamata masu unguwanni su san gidajen da ke da 'ya'ya a fagen daga, a kuma riƙa tunawa da su da matan mamata idan an zo rabon taki ko tallafi. Su ma sojojin a riƙa tuna musu su sabunta sunan magajin da suka rubuta a takardunsu idan sun yi aure ko sun haihu, a kuma fahimtar da dangi cewa wanda aka rubuta wakili ne na karɓa, rabo kuwa na shari'a ne, domin rigingimu da dama da ke jefa marayu cikin wahala daga nan suke tasowa.

Na huɗu, a mutunta 'yan mazan jiya. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ita ce ranar tunawa da su, amma bai kamata girmamawar ta tsaya ga fareti da ajiye furanni a babban birni ba. Ƙananan hukumomi na iya jawo reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji cikin kwamitocin tsaro, a amfana da saninsu wajen tsara 'yan sintiri, a kuma taimaka wa marasa ƙarfi daga cikinsu wajen bin takardun fansho.

Na biyar, a kyautata maƙwabtaka da waɗanda aka girke a cikinmu, ko daga wace jiha suka fito. A ba su sahihin labari a kan lokaci, a guji yaɗa jita-jita da hotunan da ke karya zuciya. Idan kuma wani a cikinsu ya yi ba daidai ba, a kai ƙara ta hannun hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma zuwa ga kwamandansa, domin girmama soja ba ya nufin a yi shiru a kan zalunci. Sojan da jama'a ke yi wa sannu da aiki yana ganin amfanin wahalarsa da idonsa, kuma kamar yadda muka gani a baya, ganin amfanin aiki yana cikin manyan abubuwan da ke sa mutum ya so shi.

Ƙa'idar aikin gwamnati ta ba mutum damar yin shekara 35 a bakin aiki. Saurayin da ya karɓi takarda a sakatariyar Tofa a bana yana iya kaiwa wannan wa'adi yana cikin kaki, kuma irin zaman da zai yi a cikin waɗannan shekaru, na ƙauna ne ko na rashin wurin zuwa, ya danganta ne ga yadda shugabanninsa suka riƙe alkawari da kuma yadda mu muka riƙe masa gida.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu wajen kare ƙasar nan, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kare waɗanda ke fagen daga, Ya kuma ba Jihar Kano da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya da damina mai albarka, amin.